Zango a Kan Tebur: Tsokaci a Kan Wasan Spears of the Dawn

1.0 Gabatarwa

Wasan kwaikwayo na tebur wani nau'in adabi ne da ya faɗo tsakanin tatsuniya da wasan kwaikwayo. Mutum huɗu ko biyar kan kewaye tebur, kowa ya ɗauki tauraro ɗaya yana magana da bakinsa. Ɗaya daga cikinsu, wanda za a kira madugun wasa a wannan takarda, shi ke bayyana gari da daji da mutanen da taurarin suka ci karo da su. Idan tauraro ya yi nufin abin da zai iya yiwuwa ko ya ƙi, sai a jefa ƙwayar ludo ta raba gardama. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka buɗe wannan fage a Amurka a 1974 da wasan Dungeons & Dragons. Manufar takardar ita ce auna ɗaya daga cikin wasannin da aka gina a kan Afirka, ta yin amfani da Zangon Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, a matsayin ma'auni.

2.0 Zubi da Tsarin Wasan

Kevin Crawford ya fitar da Spears of the Dawn a 2013, bayan Nyambe na Chris Dolunt wanda ya fito a 2002. An gina shi a kan ƙagaggun dauloli biyar: Nyala da Kirsi da Lokossa da Meru da Sokone. Taurarinsa matafiya ne da aka ɗora wa alhakin yaƙar ragowar wata rundunar matattu masu tashi. Rukunin taurarin huɗu ne: jarumi da malami da boka da maroƙi.

A nan marubucin ya cancanci yabo. Maroƙinsa ba ɗan rakiya ba ne. Makaminsa baki: da yabo yake ɗaga mutum, da zambo yake kayar da shi. Duk wanda ya san matsayin roƙo a ƙasar Hausa zai ga an fahimci cewa magana ma iko ce. Sai dai jigon wasan ya fi karkata ga kufai da kaburbura da sara da suka, kamar kakansa na 1974. An sauya riga, amma mutumin da ke ciki yana nan.

3.0 Zangon Wagadugu

Unguwar da ake kira Zangouettin, a tsakiyar Wagadugu, ta samo sunanta ne daga sunan da Mosi ke kiran Hausawa da shi. Fatake ne tushenta. Tun ƙarni na 19 ayarin Kano da Sakkwato ke ratsa ƙasar Mosi zuwa Salaga a Gwanja, da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Wasunsu suka zauna ƙarƙashin inuwar Mogo Naba, sarkin Mosi, suka yi aure, suka kafa makarantun allo. Ana kuma danganta wasan dodo, wanda yaran birnin ke yi da dare a watan azumi cikin shigar dabbobi, da waɗannan fatake. Kamanninsa da tashe a fili yake. Ke nan shiga rigar wani a yi magana da bakinsa ba baƙon abu ba ne a Zango.

A 2001 gwamnati ta sanar da shirin ZACA na mayar da tsakiyar birnin cibiyar kasuwanci da ofisoshi. A ƙarshen 2003 aka rushe Zangouettin da wasu unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, aka mayar da mazauna Ouaga 2000 da Nioko. Abin da ya rage na unguwar yana bakin mutanenta.

4.0 Giɓin da Ke Cikin Wasan

Idan aka ɗora wasan a kan wannan ma'auni, sai giɓi ya bayyana: babu falke a cikin rukunin taurari huɗun nan. Gaskiya ne an nuna Sokone a matsayin ƙasar 'yan kasuwa, amma ciniki ya tsaya a matsayin shimfiɗa, bai zama zuciyar wasa ba. Alhali kuwa ayarin fatake shiryayyen rukunin taurari ne. Akwai madugu mai yanke shawara, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki mai kula da kuɗin fito, da malami mai rubutu da addu'a. A zango kuma ga fatoma mai saukar baƙi, ga dillali.

Haɗarin wannan tafiya bai gaza na kufai ba. Goro ɗanye ne, in aka yi jinkiri ya lalace. Sarki na iya ƙara kuɗin fito. Fatoma na iya cin amana. A irin wannan wasa, abin da ya kamata a ƙidaya wa tauraro shi ne amana da mutunci da yawan harsunan da yake ji, ba ƙarfin damtse kaɗai ba. Ƙwayar ludo za ta yanke hukunci a kan ko dattijo ya karɓi gaisuwa, ko an yarda da bashi. Masu iya magana kan ce baki shi ke yanka wuya.

5.0 Kammalawa

An ga cewa Spears of the Dawn ya ba maroƙi da malami haƙƙinsu, amma ya bar falke a baya, wanda shi ne ya kai Hausa har Wagadugu da Salaga da Kumasi. Ga ɗalibin harshe, wannan giɓi dama ce. Ɗalibai biyar na iya zama su raba muƙaman ayari, su isa ƙofar fatoma a Zangouettin da yamma, jakuna sun gaji, kuɗin fito bai cika ba. Wanda ya riƙe madugu sai ya nemi masauki da Hausar da ta dace: sallama, da gaisuwa, da ranka ya daɗe, kafin ya taɓo zancen kuɗi. In ya yi gaggawa, ayari ya kwana a waje.