Johnny Hodges: Mabushi a Gidan Wani

Daga wajen 1935 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, kiɗan rawa a Amurka yana hannun manyan ƙungiyoyin jaz. Kowace takan kai mutum goma sha biyar, sanye da kwat iri ɗaya, masu ƙahon tagulla a baya, masu saksofon huɗu ko biyar a gaba. Sunan shugaba ne a jikin faifai. Mabushi kuwa albashi yake ɗauka, ya busa abin da aka rubuta masa, in an ba shi fili ya miƙe ya yi nasa, ya zauna. Filin ma ƙanƙane ne, domin fuska ɗaya ta faifan garmaho ba ta wuce minti uku da 'yan kai.

A cikin wannan ƙunci Johnny Hodges ya yi suna. Haifaffen Cambridge ne ta jihar Massachusetts, ya sami horo wurin Sidney Bechet, ya shiga ƙungiyar Duke Ellington a 1928, lokacin suna kiɗa a Cotton Club da ke Harlem, gidan rawar da baƙar fata ke wasa, Turawa ke kallo. Da saksofon alto aka fi saninsa. Yakan ɗauko sauti daga ƙasa, ya ja shi sannu a hankali har inda yake so, ba a jin gaɓa ko ɗaya, kamar ana tsiyayar zuma. Fuskarsa kuwa a murtuke, idonsa can wani wuri. Ni dai ban taɓa jin busa mai taushi irin tasa ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ake yi masa ɗinki daidai jikinsa. Ellington da abokin aikinsa Billy Strayhorn sukan rubuta kiɗa da muryar wani mabushi takamaimai a kunnensu. "Passion Flower" da "Isfahan" na Hodges ne ta wannan fuska. "Blood Count" kuwa Strayhorn ya kammala shi a gadon asibiti a 1967, ciwon daji na cinsa, kuma bayan rasuwarsa Hodges ya busa shi a faifai kamar mai kuka da baki a rufe.

To, kiɗan na wane ne, mai rubutawa ko mai busawa? Hodges yana ganin ba a biyansa haƙƙin karin da yake ƙirƙira. An sha ganinsa a dandamali yana murza yatsu yana duban Ellington, alamar kuɗi. A ganina yana da gaskiya. A 1951 ya fita ya kafa tasa ƙungiyar, har shahararren mabushi John Coltrane ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Sai dai faifansu da ya fi kasuwa, "Castle Rock", wani mabushin ƙungiyar, Al Sears, ne ya tsara shi, shi ne kuma ya yi babbar busar ciki. A 1955 Hodges ya koma gidan Ellington.

Ya rasu ranar 11 ga Mayu 1970 a ofishin likitan haƙori a New York, ƙungiyar Ellington na tsakiyar ɗaukar faifan "New Orleans Suite". Ellington yana neman hanyar lallashinsa ya sake ɗaukar saksofon soprano, wanda ya ajiye sama da shekara ashirin, domin sashen da aka sadaukar wa malaminsa Bechet. Bayan kwana biyu wani mabushin ƙungiyar, Paul Gonsalves, ne ya busa sashen, da saksofon tenor.