Jinjina ga Masu Ɗaura Akwatin Tsakiya

Tsohuwar Land Cruiser da ta sha gargadar karkara sai gwani. Shi ya sa nake jinjina wa masu walda irin na Panteka a Kaduna, masu ɗaura akwati tsakanin kujerun gaba.

Kafin su huda ƙasan mota, sai sun leƙa ƙarƙashi, kada su fasa bututun mai ko su yanke waya. Su bar wa giya da birkin hannu wurin motsi, su tokare da faifan ƙarfe, su shimfiɗa roba don kashe ƙara, sannan su ɗaure noti tamau.

Direba ya sami ma'ajiyar takardu da tocila, ga wurin jingina gwiwar hannu. Masu walda, Allah ya ƙara wa sana'arku albarka!