Masu Lissafin Sawun Tauraro

A cibiyar hukumar NASRDA da ke Lugbe, kan hanyar filin jirgin saman Abuja, akwai tashar da aka tanada domin magana da taurarin ɗan'adam na Nijeriya, irin su NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, waɗanda aka harba daga Rasha ranar 17 ga Agusta, 2011. An ɗora su a nisan kusan kilomita 700, inda tauraro ke ratsa kusa da ƙuryar arewa da ta kudu a kowane zagaye, sau 14 da ɗoriya a rana. Idan ya gifta ta saman Abuja, wajen minti goma ake da shi kafin ya ɓace. Dole wani ya riga ya lissafa inda zai ɓullo da daƙiƙar ɓullowarsa, a juya faifan tashar ya tare shi. Wannan mai lissafin nake sara wa.

Abin da ke dagula masa aiki daga rana yake tasowa. Wani lokaci takan watso tarin ɓurɓushi masu ɗauke da lantarki, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa ƙuryoyin biyu. A can wutar ke dumama siririyar iskar da ta rage a ƙololuwar sama, sai ta kumbura kamar ƙullin waina, ta hau sama, cikin sa'o'i kaɗan kuma ta bazu zuwa tsakiyar duniya. Inda jiya kusan babu komai, yau tauraro ya tarar da iska mai kauri tana tokare shi.

Mai hankali zai zaci tokarar za ta sa tauraro ya makara. Ina! Saukowa yake yi kaɗan, kuma duk wanda ya sauko gudunsa ƙaruwa yake, sai ya iso da wuri. Shi ya sa gwani ba ya sakin jiki da lissafin makon jiya. Yana bibiyar ma'aunin Kp na ƙarfin wannan guguwar maganaɗisu, mai tashi daga 0 zuwa 9, yana gwada hasashensa da ainihin inda tauraron ya bayyana, ya gyara.

A kilomita 700 tasirin ƙanƙane ne, a hankali yake taruwa. Ƙasa da nan kuwa babu sassauci. Ranar 3 ga Fabrairu, 2022, kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49 zuwa nisan kusan kilomita 210, suka ci karo da guguwar maganaɗisu wadda ba ma babba ba ce. Guda 38 suka rikito, suka ƙone a iska.