Madubin saiti mai arha: lambar kan kwali ba ta kashe zomo

Wani yayi ya shigo wa maharbanmu: kowa so yake a ga madubin saiti a kan bindigarsa. Duba hotunan da samarin farauta suke sakawa a Facebook da TikTok, za ka ga dogon baƙin bututu a ɗore kan bindiga, wani ma da robar taya aka ɗaure shi. Ni dai a ganina yawancin kuɗin nan asara ce.

Kayan galibi daga Sin suke fitowa. 'Yan kasuwarmu da ke sauka Guangzhou sun san gundumar Liwan sarai: Shisanhang wajen tufafi, Nanfang Dasha da kewayensa a bakin kogi wajen wayoyi da kayan lantarki. Wanda ya je saro tocila da caja, ba wuya dillali ya nuna masa hoton madubi a waya, ya ce, "Alhaji, a ƙara katan biyu a kwantena mana." To amma tun 1996 dokar ƙasar ta hana farar hula riƙe bindiga, in ban da 'yan tsirarun da aka ba izini. Ke nan da mai sayarwa da mai saro, babu wanda ya taɓa ɗora madubin a kan bindiga ya ja kunama. Iyaka a leƙa ta taga a hango rubutun ginin ƙetaren titi, a ce ma sha Allah, yana jawowa. Jawowa kuwa ita ce mafi sauƙin abin da madubi yake yi.

Abin da ke ruɗar mai saye shi ne lamba. Ya ga an rubuta 6-24x50, ya ga wani an rubuta 4x32, sai ya ɗauka na farkon ya ninka na biyun. Lambar da ke kafin x yawan jawowa ce (6-24 na nufin daga sau 6 zuwa sau 24), ta ƙarshe faɗin gilashin gaba ne a milimita. In ka kai shi sau 24, raba 50 gida 24, faɗin hasken da zai iso idonka bai wuce milimita 2 da 'yan kai ba, alhali ƙwayar ido a duhu tana buɗewa milimita 5 zuwa 7. Da asuba ko gab da magariba, lokacin da gada da zomo suke fitowa, dusu-dusu za ka gani. Shi kuwa 4x32 da aka raina milimita 8 yake bayarwa. Ga rawar hannu, wadda ita ma madubin yake ninkawa sau 24. Abin da ya fi damuna shi ne ƙuncin gani: kana kallon kunnen zomo, ba ka ganin abokin farautarka ko yaro mai kiwo da ke gilmawa ta gefe. A farautar gayya, inda mutane da karnuka suke warwatse cikin daji, wannan ba abin wasa ba ne.

Sannan wace bindiga ce ma? Adaka da bindigar harsashin kwali cikinsu sumul ne, ƙwayoyin dalma watsuwa suke yi, bayan mita 30 ko 40 magana ta ƙare. Ɗora musu madubi kamar sa wa jaki sirdin hawan sallah ne. Ga hayaƙin albarushi da ke dusashe gilashi, ga dukan da bindigar take yi baya, wanda kan fasa wa mutum gira idan tazarar ido da madubi ta gaza santimita 8 ko 9. Madubi na bindiga mai murɗaɗɗen ciki ne, wadda harsashi ɗaya yake fita yana juyawa. Irin wannan, a Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959, lasisinta daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake, na adaka kuma daga Kwamishinan jiha. Masu bindigar iska mai sifirin su ma su kula, don girgizarta gaba da baya take, tana kwance cikin madubin da ba don ita aka ƙera shi ba.

Ba kayan Sin nake kushewa ba. Kamfanin Vortex na Amurka can ake ƙera masa madubansa masu sauƙin kuɗi, kuma ba ya ɓoyewa. Jabu ne matsala. Leupold na jihar Oregon ya daɗe yana gargaɗi kan masu buga sunansa a jikin kayan da ba nasa ba. Mara suna mai gaskiya ya fi mai babban suna a kuɗin tocila.

Mai lasisi da ke son na arha ya tsaya kan 4x32 ko 3-9x40, rufaffe da ruwa da ƙurar hunturu ba sa shiga. Ragowar kuɗin ya sa a zobban ɗauri na ƙarfen kirki, don a nan saiti ya fi gocewa. Ya yi harbi uku kan kwali a mita 50, ya rataya bindigar ya yi yawon daji, ya dawo ya sake uku. In sun faɗa wuri guda, ya yi sayayya. Madubin ganin dare kuwa, shigo da shi sai da takardar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kada tsautsayi ya kai ka.

Alhazan Liwan, don Allah kafin ku loda katan, ku tambayi maharbin garinku irin bindigar da yake riƙewa.