Bin Sawun Wuta: Nazari a Kan Sana'ar Gyaran Bidiyo Mai Kaset

A 1976 kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin VHS, kuma a kansa kasuwar finafinan Hausa ta tsayu, tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa lokacin da faifan CD ya ture shi. A 2016 Funai, kamfanin ƙarshe da ke ƙera bidiyo mai kaset, ya dakatar da aikin. Ke nan duk bidiyon da ya rage a hannun jama'a ba shi da magaji, ransa yana hannun mai gyara.

Gogaggun masu gyaran rediyo sun daɗe da gane cewa ciwon tsohon bidiyo sau da yawa daga ɓangaren wuta yake tasowa. Wannan ɓangare ne ke karɓar wutar bango mai bolt 230, ya rarraba ta ƙanana: kamar bolt 5 ga ƙwaƙwalwar na'ura, 12 ga motoci. Idan layi ɗaya ya yi rauni, alamar takan ɓullo a wani wuri dabam. Bidiyo ya karɓi kaset ya tofo shi, ko ya kama ya mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi, ko baƙin layi ya riƙa yawo a hoto. Mai gaggawa sai ya ɗora wa bel ko hed laifi, alhali kuwa wuta ce ba ta isa ba.

Babban mai laifi shi ne kwandensa. Akwai ruwan sinadari a cikinsa, kuma zafi yana busar da shi sannu a hankali. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ransa biyu. Na'urar da ta sha bazarar Kano ko Maraɗi shekara talatin, da wuya a sami kwandensojinta lafiya. Bidiyoyin farko masu taransifoma mai nauyi sun fi juriya. Na baya, masu ƙaramin allon wuta marar nauyi, kwandensa guda ya isa ya hana su tashi.

A nan ne masu sana'ar suka rabu biyu. Akwai mai awo, akwai mai canki-canka. Mai awo yakan fara da tambayar maigidan: "Yaya aka yi ya mutu? A janareto yake ko a NEPA?" Sannan ya duba bayan na'urar, domin wadda aka yi wa Japan bolt 100 take sha, ta Amurka 120, kuma jona su kai tsaye a bango ƙonewa ce. Idan ya tarar fis ya tsinke, yakan nemi abin da ya tsinka shi. Yakan haɗa ƙwan fitila mai zare a layin wutar kafin ya kunna: in akwai gajeriyar hanya a ciki, ƙwan ya haska da ƙarfi, na'urar ta tsira. Ya kuma san babban kwandensa yana iya riƙe bolt sama da 300 bayan an zare soket, don haka sai ya sauke wutar kafin ya kai hannu.

Mai canki-canka kuwa ɗaure fis yake yi da waya. Bidiyo ya kama yau, gobe taransifoma ta ƙone. Da can ana iya yafe wannan, tunda ana sayen wani. Yau ɓarna ce da ba ta gyaruwa.

Ko a wurin gwanaye sana'ar tana da rauni biyu. Na farko, cire kaya daga mataccen allo a dasa a wani, alhali shekarunsu ɗaya, bushewarsu ɗaya. Kwandensa sabo ake sa wa, wanda aka rubuta wa digiri 105 ya fi. Na biyu, ilimin a ka yake, ba a takarda ba, ga shi yaran shago sun koma gyaran waya.

Kaset ɗin biki, wa'azi da tsoffin finafinanmu ba za su koma kwamfuta ba sai da bidiyo mai rai. Duk mai irin wannan na'ura a ɗaki, kada ya jona ta don gwaji. Ya kai ta wurin mai awo tukuna, sannan ya kwashe abin da ke cikin kaset ɗinsa tun ana iya kallonsu.