Labarin da Ba a Yi da Baki Ba: Nazari a kan 'Primal'

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Marubucin da yake son ya gwada gaskiyar wannan karin magana, ya nemi fim ɗin katun mai suna Primal, wanda Genndy Tartakovsky ya ƙirƙira, aka fara nuna shi a tashar Adult Swim ta Amurka a 2019, kashi na biyu kuma ya fito a 2022.

Labarin mutumin zamanin kogo ne mai suna Spear, wato Mashi, da wata ƙatuwar dainoso mace mai suna Fang, wato Fiƙa. Namun dawa sun cinye matar Mashi da 'ya'yansa, su ne kuma suka cinye 'ya'yan Fiƙa. Rashi ya haɗa su, yunwa da tsoro suka hana su rabuwa. Abin lura shi ne, a kashin farko mai babi 10 kusan babu wanda ya furta kalma. Sai gurnani da kuka da kallo, amma mai kallo bai taɓa ɓata ba.

Wannan salo ba baƙo ba ne ga mutanen Kano. Tun da layin dogo ya iso a 1911, Tashar Jirgin Ƙasa ta zama mahaɗar Bahaushen Fagge da baƙin Kudu da suka zauna Sabon Gari, inda ɗan dako da fasinja kan gama ciniki da yatsu in harshe ya gaza. A wannan yanki ne aka buɗe silimar Rex a 1937, daga baya Plaza ta biyo a Fagge. Iyayenmu sun cika waɗannan gidaje suna kallon finafinan Indiya, ba su jin Indiyanci, amma su fito su ba da labarin tiryan-tiryan. Ashe tun tuni jama'armu suka iya karanta fuska da motsi. Mu marubuta ne muka ƙi yarda da su.

Dubi babin da sanyi ya takura Mashi da Fiƙa suka kashe wata tsohuwar giwa mai gashi da garke ya bari a baya. Mashi ya cire haurenta ya tafi da shi. Garken ya biyo sawu ya far musu. Da Mashi ya gane abin da suke nema, sai ya miƙa hauren, suka ɗauka suka kai makwancin matattunsu. Ba wanda ya yi wa'azi, amma mai kallo ya fahimci cewa maharbi da abin harbinsa duk sun san zafin mutuwa. Da a littattafanmu na soyayya ne, da an ci shafi 5 jarumi yana bayyana nadamarsa, marubuci kuma ya biyo baya da nasiha, kamar mai karatu ba shi da hankalin kansa.

Sai dai fim ɗin yana da nasa rauni. Ba zan kama shi da laifin haɗa mutum da dainoso ba, ko da yake masana sun ce dainoso sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce. Tatsuniya ce, mu ma Gizo yana zance da Sarki. Laifinsa na farko yawan jini, wanda a wasu wurare ya zama ado, ba buƙatar labari ba, don haka ba kallon yara ba ne. Na biyu ya fi muni. A kashi na biyu an saka wani babi a Ingila ta 1890, inda wasu masana suke zaune suna muhawara a kan dabbancin da ke ɓoye cikin ɗan Adam. Abin da aka riga aka nuna mana da aiki, sai ga shi ana maimaita shi da baki. A nan ne labarin ya fi sanyi, wanda hakan ma hujja ce a kan abin da muke faɗa.

Wani zai ce ai littafi da kalmomi ake yin sa. Gaskiya ne, amma kalmar da ta nuna hannu yana rawa daban take da wadda ta ce "ya ji tsoro". Ga gwaji ga sababbin marubuta. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna ta Jihar Yobe ya ci karo da kwalekwalen da aka ƙiyasta ya kai shekara 8,000. Ba mu san harshen da masassaƙinsa ya yi ba, saboda haka ba mu da ikon sa masa magana a baki. A rubuta shafi 3 a kan ranar da ya fara tura shi cikin ruwa, ba tare da zance ko ɗaya ba. Wanda ya iya sa mu ji fargabarsa, to ya kama hanyar zama marubuci.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.