Christy Turner da nazarin haƙoran ƴan Adam: abin ɗauka da abin bari

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba aikin Christy G. Turner, masani ɗan Amurka da aka haifa a 1933, ya rasu a 2013, wanda ya yi aikinsa a Jami'ar Jihar Arizona. Fanninsa shi ne binciken asalin al'ummomi ta hanyar siffar haƙoransu. Abin da muke son nunawa shi ne, ma'aunin da ya bari ya fi hukuncin da ya yanke da shi ƙarko.

2. Ma'aunin

Haƙori ya fi kowane ƙashi jimirin zama cikin ƙasa. Da zarar ya gama ginuwa, siffarsa ba ta sakewa, sai dai tauna ta cinye shi. Galibin wannan siffa kuwa gado ce. Matsalar a da ita ce kowane mai bincike da irin idonsa. Albert Dahlberg na Shikago ya fara yin allunan samfuri a 1956. Turner da Nichol da Scott suka faɗaɗa su, suka fitar da tsarin da ake kira ASUDAS a 1991. Allo yana nuna siffa guda mataki-mataki, daga rashinta har cikarta. Ke nan mai bincike a Yamai da na Tokiyo suna iya ba haƙori ɗaya maki ɗaya. Wannan shi ne babban gadonsa.

3. Hukuncin

Da wannan ma'auni Turner ya raba mutanen gabashin Asiya gida biyu: na arewa, waɗanda haƙoran gabansu suka fi yin kwarmi ta baya kamar cokali, matauninsu na farko na ƙasa kuma ya fi yawan zuwa da saiwa 3, da na kudu maso gabas, masu siffa mai sauƙi. Ya sa ƴan asalin nahiyar Amurka cikin gidan arewa. A 1986 ya haɗa kai da Stephen Zegura da Joseph Greenberg, wanda muka sani da bincikensa kan Maguzawan Kano da rabon harsunan Afirka, suka ce hijira 3 ce ta cika nahiyar da mutane.

A nan muke da ja. Na farko, yawancin masana harshe ba su karɓi babban dangin «Amerind» na Greenberg ba, alhali shi ne ɗaya daga cikin duwatsun murhun. Na biyu, binciken ƙwayoyin gado na 2012 ya samu kwararowa 3 daga Asiya, amma ya nuna na baya sun gauraya ƙwarai da na farko, ba su tsaya a rarrabe ba. Na uku, a 2009 an gano cewa kwarmin haƙoran gaba yana da alaƙa da wani sauyi a ƙwayar gado mai suna EDAR, wadda take shafar kaurin gashi ma, kuma zaɓen yanayi ya yaɗa ta. Ashe yawan wata siffa ba kullum yake auna kusancin dangantaka ba.

4. Afirka

An gina tsarin ne galibi bisa haƙoran Asiya da Amurka. Ɗalibinsa Joel Irish ne ya kawo shi Afirka. A 1997 ya bayyana siffofin da suka yawaita kudu da Sahara, ya kuma riƙa lissafa wushirya, wadda ba ta cikin jerin 1991. Aikin yana da amfani, amma suna ɗaya ga rabin nahiya yana iya rufe bambancin da ke tsakanin Sahel da kurmi.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. A Gobero, cikin Tenere, ƙungiyar Paul Sereno ta gano wata maƙabarta a 2000, mai kaburbura wajen 200. Christopher Stojanowski, na jami'ar da Turner ya koyar, ya yi nazarin ƙasusuwan. Rahoton 2008 ya ce al'umma biyu ne daban: ta farko daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa, ta biyu daga 5200 zuwa 2500, da fari na shekara kusan 1000 a tsakaninsu. Irin wannan hukunci shi ne ya kamata a riƙa sake aunawa da ma'aunin da kowa ke iya bi.

5. Kammalawa

Muna ganin ya dace ɗalibanmu na tarihi da na binciken kayan tarihi su koyi amfani da allunan Turner, don su iya auna abin da ake tonowa a ƙasarmu da kansu, su kuma iya musanta hukuncin wani da hujja. Amma kada gaggawarsa ta haɗa haƙori da harshe da al'umma ta ja mu. Haƙori yana nuna dangantaka tsakanin jama'a masu yawa. Ba ya faɗin harshen da mai shi ya yi magana da shi, balle a ce wa wata ƙabila ta yau ga kakanta a Gobero.